Yarinyar da Ta Ƙi Miji Saboda Sarkin Ƙarfi

Navin yaro ne mai natsuwa, ya yi karatu, an san gidansu, ga shi kuma ɗan'uwan matar yayan yarinyar ne. Duk uban da ke neman inda zai kai 'yarsa ya dawo ya yi barci da minshari, ba zai wuce irinsa ba. Ranar da ya yi ta maza ya furta wa Kusum abin da ya daɗe yana ci masa rai, sai ta ba shi amsar da ko a mafarki bai taɓa zato ba. Ta riga ta ba wani zuciyarta, kuma wanin nan Dharmendra ne. Shi dai wanda ake manna hotonsa a bangon sinima, wanda masu kallon Indiya a ƙasar Hausa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi saboda yadda yake watsa taron 'yan daba shi kaɗai. Shi take so, alhali shi bai ma san sunanta ba.

Wannan shi ne ƙashin bayan Guddi, fim ɗin soyayya da barkwanci da darakta Hrishikesh Mukherjee ya fitar a 1971, wanda marubuci Gulzar ya tsara labarinsa. Guddi sunan shagwaɓa ne da ake kiran Kusum da shi a gida, ma'anarsa 'yar tsana. Jaya Bhaduri ce ta hau matsayin, tana sabuwar fitowa daga makarantar koyon aikin fim ta birnin Pune, kuma da wannan fim ne masu kallon finafinan harshen Hindi suka san ta. Fim ɗin ya haura shekara hamsin, amma tambayar da ya ɗauko tana nan ɗanya shar a duk gidan da ake kunna kallo, daga Mumbai har Damagaram: idan yaro ya kasa raba abin da ke kan allo da abin da ke ƙasa, me ya kamata manya su yi masa? Amsar Mukherjee ta fi wadda aka saba bayarwa a gidajenmu hikima da tausayi, duk da cewa ita ma tana da nata tabon.

Babbar dabarar daraktan ita ce bai ƙago wani jarumi ya raɗa masa suna ba. Dharmendra, wanda ya riga ya yi aiki da shi a Anupama a 1966 da Satyakam a 1969, shi ya roƙa ya fito da sunansa na gaskiya, a matsayin kansa. Ke nan yarinyar da ta sayi tikiti a 1971 don ta ga Dharmendra, wadda ita ma wataƙila ta ɓoye hotonsa a cikin littafin lissafi, kanta ta je ta kallo. Labarin da aka fi bayarwa shi ne Amitabh Bachchan aka fara ɗauka ya fito a Navin, har an soma aiki, sai fim ɗin Anand ya fito a farkon shekarar ya ɗaga sunansa. Mukherjee ya ga ba zai yiwu tauraro ya tsaya a matsayin mutumin da ba kowan kowa ba, ya sauya shi da Samit Bhanja, wanda fuskarsa baƙuwa ce ga masu kallon Hindi. Ita kuwa Jaya, a 1973 ta auri Amitabh ɗin.

Kusum ba mahaukaciya ba ce, kuma fim ɗin bai nuna ta a haka ba. 'Yar sakandare ce mai rawar kai da surutu, mai makara a taron safe, wadda ta haddace maganganun finafinai fiye da darasin aji. Sau ɗaya ta taɓa ganin jarumin ido da ido, ya sa mata hannu a littafi kamar yadda yake sa wa duk wanda ya miƙo, ita kuwa ta tafi da abin gida ta gina masa gari guda a zuciya. Ta san ba zai aure ta ba, ta san yana da iyali. Sai ta ɗauko misalin Mira, mawaƙiyar nan ta ƙarni na 16 da Indiyawa ke ba da labarin ta sadaukar da rayuwarta ga abin bautarsu Krishna, ta ce ita ma haka za ta zauna da nata son, ba ta neman a saka mata. Hausawa sun daɗe da yanke hukunci kan irin wannan, sun ce son maso wani ƙoshin wahala. Wannan ma ya zarce nan, domin wanda take so ɗin hoto ne da haske.

A gidaje da yawa an san abin da zai biyo baya. A rufe ta da faɗa, a yayyaga hotunan, a hana ta kallo, wata gwaggo ta ce a nemo rubutu domin wannan ba yin kanta ba ne, wani baffa ya ce maganinta aure kafin azumi. Kawun Navin, Farfesa Gupta, wanda Utpal Dutt ya fito a matsayinsa, bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba. Ya saurari zancen har ƙarshe bai yi dariya ba, sannan ya nemi hanyar da ta kai shi ga Dharmendra. Da jarumin ya ji cewa akwai yarinyar da ke shirin ɓata rayuwarta saboda shi, jikinsa ya yi sanyi, ya yarda a kawo ta wurin aikinsa ta ga komai da idonta.

Nan ne fim ɗin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi nauyi. Kusum ta shiga ɗakin ɗaukar fim a Bombay tana tsammanin fada, ta tarar da zafi da ƙura da wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa. Bangon gidan da ta sha gani a allo katako ne da fenti, bayansa babu komai sai sandunan da suka tokare shi. Naushin da take jin ƙararsa har cikin ƙirjinta ashe ba ya ko taɓa fuska. Kalaman soyayyar da ta haddace wani ne ya rubuta su a takarda, jarumi ya maimaita, darakta ya ce bai yi ba, a sake, a kuma sakewa. Idan an zo wurin da ake iya karya ƙafa, wani bawan Allah da ba a rubuta sunansa a fasta ne ke tsayawa a madadin jarumi. Ta ga masu ɗaukar fitila da masu jan kaya, waɗanda guminsu ke haska fuskar tauraro, suna aikin wuni guda a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ta kuma ci karo da Kundan, saurayin da ta sani tun a garinsu, wanda Asrani ya fito a matsayinsa. Ya baro gida da burin zama jarumi, ga shi yana gararamba a bakin ƙofa yana jiran a kira shi cikon taro.

Haɗuwarta da Pran kuwa ta isa a yi mata fim ita kaɗai. Pran shi ne bos ɗin finafinan wancan zamani, mutumin da ya ƙware a mugunta har aka riƙa cewa iyaye a Indiya sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Kusum na ganinsa gabanta ya faɗi, ta shiga jin tsoron kada ya cuci jaruminta. Sai ga dattijo mai fara'a da kyauta, wanda kowa a wurin ke girmamawa. Wanda ya taɓa jin yadda ake jifan 'yan wasan Hausa da baƙar magana a kasuwa saboda sun fito a muguwar kishiya ko azzalumin kawu, zai gane wannan fitowa tun kafin a fassara masa ita.

Akwai wata fitowa da Dharmendra ya kai ta wani tsohon wurin ɗaukar fim da ya zama kango, yana nuna mata inda aka taɓa yin manyan finafinai, yanzu ba kowa sai tarkace. Mutum ne a ganiyar tashensa yake faɗa wa mai ƙaunarsa cewa shi ma wata rana haka za a wuce shi. Ba ƙaramin abu ba ne tauraro ya yarda a sauke shi daga sama a gaban masu saya masa tikiti, domin wannan ruɗin shi ne jarinsa. Abin lura kuma, darajarsa a idon Kusum ba ta ragu ba. Ta daina bauta masa, ta koma ganin girmansa a matsayin ma'aikaci mai kirki da ke neman abincinsa.

A nan Farfesa Gupta ya yi gaskiya, kuma ilimi yana bayansa. Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu kan shaƙuwar ɓangare guda da ke shiga tsakanin mai kallo da wanda yake gani a allo: kullum kana ganin fuskarsa kusa da taka, yana magana kamar da kai yake, har zuciya ta sa shi cikin 'yan gida. Ba cuta ba ce, kusan kowa na da ɗan rabonsa a ciki, har da magidancin da ke kwana da baƙin ciki don an ci ƙungiyar ƙwallon da ke Ingila. Tana zama matsala ne idan ta cinye wurin mutanen gaske. Hani da tsawa ba sa kashe irin wannan shaƙuwa, sai ma su mai da ita sirri, sirri kuwa taki ne ga soyayya. Abin da ke rage mata ƙarfi shi ne sani. Wanda ya ga yadda ake murza tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mai dabo zai ci gaba da jin daɗin wasan, amma ba zai ƙara ba shi ajiyar dukiyarsa ba.

Sai dai akwai inda fim ɗin ya yi ha'inci, kuma bai kamata a rufe ido a kai ba. Farfesan da jarumin ba su tsaya ga nuna wa Kusum gaskiya ba. Sun haɗa baki suna shirya abubuwan da za su ɗaga Navin a idonta, har Dharmendra ya riƙa bari da gangan ana cin sa a wasa don yarinya ta ga ashe na gida ma gwani ne. Wato an fitar da ita daga wani fim an saka ta a wani, wanda maza suka rubuta ba da saninta ba. Tun farko an riga an yanke inda za ta ƙare, shi ne ɗakin Navin, kuma can ta ƙare. Ba wanda ya zauna ya tambaye ta abin da take nema a cikin waɗancan finafinai, ko me take son zama, ga ta yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa da murya. Mai kallo yana tashi da murmushi domin Navin mutumin kirki ne. Da a ce ba mutumin kirki ba ne fa? Dabarar ɗaya ce, za ta yi aiki a hannun kowa.

Wannan tambaya ce wani fim daga Amurka ya ɗauka bayan shekara goma sha huɗu. The Purple Rose of Cairo, wanda Woody Allen ya rubuta ya kuma ba da umarni a 1985, ya koma jihar New Jersey ta shekarun 1930, zamanin karayar tattalin arzikin da ta kai, a mafi muninta, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aikin yi. Cecilia, wadda Mia Farrow ta fito a matsayinta, tana raba abinci a wani ƙaramin gidan cin abinci. Mijinta Monk ba ya aiki, sai caca da shaye-shaye da neman mata, ya karɓe 'yan kuɗinta, idan ta yi magana ya kai mata hannu. Wuri ɗaya take samun sa'ida, kujerar sinimar unguwa. Da aka kore ta daga aiki saboda yawan tunani da fasa faranti, can ta nufa ta zauna tana maimaita fim guda, wani labarin masu kuɗi da ke yawo tsakanin kaburburan Masar da gidajen rawa na New York.

A kallo na biyar sai ɗaya daga cikin mutanen fim ɗin, Tom Baxter, mai hular masu yawon daji, ya bar maganar da yake yi ya juyo ya dube ta. Ya lura kullum tana nan. Ya tako ya fito daga allon, daga baƙi da fari zuwa duniya mai launi, ya kama hannunta suka fice.

Abin da ya biyo baya barkwanci ne mai daɗi. Sauran 'yan cikin fim ɗin suka maƙale, labari ya ƙi gaba, suka zauna suna karta suna cacar baki da 'yan kallo da ke neman a mayar musu da kuɗinsu. Tom kuwa ya kai Cecilia cin abinci mai tsada, ya zaro damin kuɗi, ashe takardun wasa ne. Suka ruga ya faɗa mota yana jiran ta tashi da kanta, domin a duniyarsa ba a neman makulli. Ya yi dambe da Monk ya tashi ko gashinsa bai hargitse ba. Mutum ne mai gaskiya da amana da ladabi, wanda bai san yunwa ko kuɗin haya ba, saboda haka aka rubuta shi. Can Hollywood hankalin masu fim ya tashi, suka turo Gil Shepherd, ɗan wasan da ya fito a Tom, ya lallashe shi ya koma. Jeff Daniels ne ya hau matsayin biyun. Gil ya ga hanya mafi sauƙi ita ce ta zuciyar Cecilia, ya shiga nuna mata so, ya yi mata alkawarin tafiya da ita.

Cecilia ta yi abin da kowane mai hankali zai ba ta shawara, ta zaɓi na gaske. Tom ya koma allo da karyayyar zuciya. Ta je gida ta haɗa akwatinta, ta yi wa Monk sallama, ta dawo ƙofar sinima inda suka yi da Gil za su haɗu. Aka ce mata ai ya hau jirgi, buƙatarsa ta biya. Ba aiki, ba masoyi, ba inda za ta sai gidan da ta baro. Ta shiga sinimar da akwatinta ta zauna, ana nuna Top Hat na 1935, Fred Astaire da Ginger Rogers suna rawa. Kyamara ta tsaya a kan fuskarta, idanu jawur, a hankali a hankali murmushi ya fara dawowa. An ce masu kuɗin fim ɗin sun nemi a sauya wannan ƙarshe a faranta wa mutane, daraktan ya ƙi, domin saboda ƙarshen ne ya yi fim ɗin.

Ba yau masu fim suka fara wasa da wannan iyaka ba. Tun 1924 Buster Keaton ya yi Sherlock Jr., inda mai haska fim ya yi barci ya shiga cikin allo. Indiya ta sake taɓa zancen a Rangeela na 1995, sannan a Fan na 2016 Shah Rukh Khan ya nuna yadda son tauraro ke rikiɗewa ya zama ƙiyayya. Amma Guddi da labarin Cecilia sun fi sauran amfani idan aka ajiye su gefe da gefe, domin kowanne ya riƙe rabin magana. Kusum tana da uba da yaya da matar yaya masu sonta, ga saurayi nagari yana jira, don haka da aka yaye mata labule sai ta faɗo a kan katifa. Cecilia ta fi Kusum sanin bambancin allo da ƙasa, ita da ke wanke faranti. Abin da ke jiranta a ƙasan ne ba ya zaunuwa. Wanda ya tsaya a ƙofar sinima yana yi mata wa'azin ta fuskanci gaskiya, ba tare da ya tambayi wace gaskiya ce ke jiranta a gida ba, ya ƙara mata nauyi ne kawai.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin ƙasar Hausa ta daɗe da zama gida na biyu ga finafinan Indiya. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, kuma daga shekarun 1950 'yan kasuwa 'yan Labanon suka fara shigo da finafinan Bombay, suka tarar da kasuwar da ba su zata ba. Mother India na 1957 an shafe shekaru ana maimaita shi. Matan aure da 'yan matan gidan mutunci ba sa zuwa sinima, amma talabijin da kaset ɗin bidiyo suka kai musu Indiya har tsakar gida. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya rubuta a 1997 cewa abin da ya ja Hausawa shi ne sun ga matsalolinsu a ciki: auren dole, saɓanin zaɓin iyaye da na zuciya, talaka mai son 'yar mai kuɗi, duk a cikin sutura da kunya irin waɗanda suka saba da su. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi sawun yadda wannan ƙauna ta gangara cikin littattafan soyayya na shekarun 1980 da 1990, sannan cikin finafinan bidiyo da suka faro da Turmin Danya a 1990.

Tun daga lokacin ake zargin littafi da fim da ɓata tarbiyya, kuma maganin da aka fi gwadawa shi ne na gwaggo da baffa. An kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a jihar bayan malamai da dama sun nuna adawa. Damuwar iyaye da malamai ba ta banza ba ce, akwai abubuwan da suka cancanci a tace. Amma littattafan da aka ƙona sun koma cikin waya, ana tura su babi-babi a WhatsApp, inda babu mai tacewa. Finafinan Indiya sun dawo da fassarar Hausa, jarumin Mumbai ko na Hyderabad yana zuba karin maganar Kano. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suna shiga ɗakunan da ko kaset bai taɓa shiga ba. Tauraron da Kusum sai ta yi tafiya zuwa Bombay kafin ta gan shi, yau yana cikin tafin hannun yarinya a Instagram da TikTok, yana nuna mata motarsa da abincin rana. Har 'yan damfara sun gane, suna buɗe shafuka da sunan jarumai suna karɓar kuɗi da alkawarin saka mutum a fim ko ma na aure. Su kansu 'yan fim sun sha kokawa kan 'yan matan da ke baro garuruwansu su sauka a Kano da 'yar jaka, suna tambayar hanyar Titin Gidan Zu.

Da irin wannan yarinya za ta samu kawu irin Farfesa Gupta, wuni ɗaya a lokeshan ya isa. Za ta ga katafaren gidan da jarumi ke saukowa daga benensa na aro ne, mai gidan yana ta aiko yaro a tambaya yaushe za a gama. Motar ta wani abokin furodusa ce, leshin da jaruma ta sha za a ninke a mayar. Waƙar da ke sa ta lumshe ido wasu ne suka rera ta a situdiyo makonni kafin nan, jaruman baki kawai suke motsawa, suna maimaita taku ɗaya a cikin rana har kwalliya ta narke a sake shafawa. Janareta na ruri, wani yaro ya ɗaga faifan haska fuska sama da kansa har hannunsa na rawa, mai ɗaukar hoto bai karya ba tun safe, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke wurin ba su san ranar da za a sallame su ba. Babu abin kunya a cikin wannan, sana'a ce mai wahala da mutane ke ci da iyalinsu da ita. Ganin hakan zai sa ta fi girmama su, kamar yadda ya faru da Kusum.

Amma wuni a lokeshan rabin aiki ne. Sauran rabin yana gida, kuma shi ne wanda ba a son taɓawa. Amaryar da ke kwana da waya a hannu tana kallon jarumi yana tambayar matarsa ko ta ci abinci, sau da yawa ba benen take kwaɗayi ba, tambayar take kwaɗayi. Idan maigida ya shigo ba sallamar kirki, ya ci ya fita majalisa sai sha biyun dare, sannan ya ce fim ne ya ɓata masa mata, ya dubi inda ya faɗi ya bar inda ya yi tuntuɓe. Yarinyar da aka cire daga aji uku aka ce ta jira miji, aka bar ta da wanke-wanke da talabijin, ba abin mamaki ba ne idan talabijin ɗin ya zame mata taga ɗaya tilo. Samari ma ba su tsira ba. Akwai wanda ke auna kowace budurwa da fuskar da aka shafe awa guda ana yi wa kwalliya aka kuma haska da fitila uku, ya ƙi 'yar maƙwabta mai hankali yana jiran wadda babu ita.

Shi ya sa mai wannan rubutu ke ganin lokaci ya yi da Kannywood za ta yi nata Guddi, kuma ta yi wanda ya fi na Mukherjee gaskiya. Masana'antar da aka daɗe ana yi wa gorin kwaikwayon rawa da waƙar Indiya ta tsallake abin da ya fi cancanta a koya daga can, wato ƙarfin halin juya kyamara ta kalli kanta. Kayan aikin duk suna nan: marubuta masu iya barkwanci, daraktocin da suka nuna za su iya riƙe labari na tsawon zango da yawa, da 'yan kallo da suka san jarumansu kamar 'yan uwa. Abin da ake nema shi ne babban jarumi guda da zai yarda ya fito da sunansa na gaskiya, a gan shi ya manta layi, a gan shi yana jiran a biya shi, a gan shi yana cire babbar rigar aro yana mayar da tasa. Hukumar tacewa da malaman da ke damuwa da tarbiyya su ne ya kamata su fi kowa maraba da irin wannan fim, domin zai isa inda sanarwar hani ba ta isa.

Sharaɗin kawai shi ne kada a maimaita ha'incin da aka yi wa Kusum. Kada a shirya wa yarinyar wasan da za a tura ta ɗakin wanda aka riga aka zaɓa. A bar kyamara ta bi ta har gida bayan ta dawo daga lokeshan, ta zauna a tsakar gida da mahaifiyarta da yayanta, wani a cikinsu ya tambaye ta abin da ta gani da abin da take so. Mai yiwuwa ta ce saurayin nan na bayan layi da ke gyaran waya ya kwanta mata. Mai yiwuwa ta ce makaranta za ta koma. Mai yiwuwa kuma, tunda ta wuni tana kallon wanda ke bayan kyamara yana durƙusawa yana miƙewa yana neman inda haske ya fi kyau, ta ce ita wannan aikin take son a koya mata.